Dutse ɗaya a cikin biliyan 3, da rubutun da aka ce in goge

Makonni biyu da suka wuce na shiga Babbar Kasuwar Katsina, layin masu duwatsun wuya, na sayi launi huɗu: ja, baƙi, fari da tsanwa. Mai kayan ya ce, "Malam, lefe ake haɗawa ne?" Na ce masa a'a, aji zan kai su. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan cikin birni, shekara 11 ke nan, kuma duk sanda muka iso darasin gado sai in ga idon yara ya mutu. A, T, G, C, haruffan rubutun gado da ke jikinmu, a kan allo. Su kwafa, su haddace, su juye a jarrabawa, su manta. Bana na ce sai sun taɓa abin da hannunsu.

Da dare na zauna na shirya tsakiya biyu a zaren lilo. Kowane launi harafi ɗaya ne, kuma bayan kowane dutse uku sai in ƙulla ƙulli, don haka ake karanta wannan rubutu, uku-uku. Abin da na jera shi ne farkon umarnin da jiki ke bi ya gina sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Zare biyun iri ɗaya ne sak, in ban da wuri guda. A na farko akwai G-A-G. A na biyu G-T-G. Fari ya maye gurbin ja, shi ke nan.

Washegari na miƙa musu na ce su nemo bambancin. Zare ya yi ta yawo daga benci zuwa benci. Wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ita ta gano shi. Ta ɗora babban yatsanta a kan farin dutsen ta ce, "Malam, nan ne." Na ce mata wannan dutsen shi ne sikila, amosanin jini. Ta yi shiru tana juya shi, can ta ce, "Wannan kaɗai? Shi ne ke sa ƙanena kwana yana ihu?" Aji ya yi tsit. Ni ma sai da na ɗan juya na kalli allo kafin in iya ba ta amsa.

E, shi kaɗai. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba kura da ƙura, ita ta raba bari da ɓari. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ɗigo ɗaya ke yi wa harafi. To rubutun da Allah ya ajiye a jikinmu, wanda ake kira DNA, haruffansa 4 ne kacal, amma jerinsu ya kai kusan biliyan 3. Da za a warware zaren da ke cikin ƙwayar halitta guda ɗaya, wadda ido ba ya gani, zai kai wajen mita 2. Haruffa 4 in ana ɗaukar su uku-uku suna ba da kalmomi 64. Guda 61 suna kiran tubalan da ake gina furotin da su, irin sinadarin jinin nan, tubalan nan iri 20 ne, sauran 3 kuma aya ce, ma'anarsu "tsaya nan". A sikila, canjin harafin nan ya sa an saka wani tubali daban a gurbi na shida. Sai sinadarin ya riƙa mannewa da ɗan'uwansa idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama kamar faifai mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120. Mai lauje da ƙyar take wuce kwana 20. Ciwon ƙashi, ƙarancin jini, idon da ke yin ɗorawa, daga nan duk suka taso.

Jadawalin kalmomin nan 64 na zana shi a babban kwali, gida-gida. Wani uba da ya zo ɗaukar ɗansa ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, hatimi kuke koya musu?" Ban ga laifinsa ba, don kamar ta ɓaci. Har na tuna masa cewa garin nan ya haifi Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin irin waɗannan gidaje, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Na ja masa kujera, na nuna masa gidan da GAG yake da gidan da GTG yake. Ya daɗe yana kallo. Gani ya kori ji.

Ilimin nan ba daga sama ya faɗo ba. A 1952, a wani ɗakin bincike a Landan, Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling suka haska zaren DNA, suka samo hoton da ya nuna a murɗe yake kamar igiya. A 1953 Watson da Crick suka fito da siffarsa, zare biyu masu naɗe da juna. A 1961 Nirenberg da Matthaei a Amurka suka karanta kalmar farko, cikin 'yan shekaru aka kammala sauran. Abin da nake so a lura da shi: an yi kuskure da yawa a hanya. Linus Pauling, babban masanin da ya nuna tun 1949 cewa matsalar sikila a cikin sinadarin jinin take, shi da kansa ya wallafa siffar DNA mai zare uku, kuma ba daidai ba ce. Matasa da ba su kai shi shekaru ko suna ba suka ga kuskuren, suka ci gaba da nasu aikin, ba wanda ya aika a kamo su.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani.

Da yammar ranar na ɗauki hoton zaren biyu na sa a Facebook. Na yi bayani kamar yadda na yi muku. Sannan na ƙara layi uku. Na ce ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji harafin sikila daga uwa ko uba kaɗai, ciwon bai kama shi ba amma zai iya gadar wa 'ya'yansa. Na ce ina mamakin yadda lokacin kamfe ake zagaye unguwanni da atamfa da taliya, amma ban taɓa jin ɗan takara, na kowace jam'iyya, ya tsaya ya yi alkawarin gwada jinin jarirai kyauta ba. Ban kama sunan kowa ba.

Kafin sallar isha'i waya ta fara ruri. Wani babba da nake ganin girmansa ƙwarai ya ce, "Ɗana, kai ma'aikaci ne, kana da iyali. Goge abin nan. Baki shi ke yanka wuya." Na san ƙauna ce ta sa shi. A ƙarƙashin rubutun kuma wata wutar ce ke ci. Wasu sun ce 'yan adawa suka biya ni. Wasu sun ce ina ja da ƙaddara. Wani ya ce ni ɗan koren masu irin GMO ne, wato irin shuka da aka sauya wa rubutun gado, alhali ko kalmar ban ambata ba. Na goge. Kwana biyu ina jin nauyi a ƙirjina, don duk sanda na shiga aji sai in haɗa ido da yarinyar nan. Daren na uku na mayar da shi, ban rage ko wasali ba.

Abin da ya ƙarfafa mini guiwa wani tarihi ne da duk malamin ilimin gado ya sani. A Tarayyar Sobiyet an yi wani masanin tsirrai, Nikolai Vavilov, wanda ya zagaya ƙasashe da dama har da Habasha yana tara iri, burinsa kada mutanensa su ƙara yin yunwa. Sai ga wani mai suna Lisenko, yana cewa babu wani abu wai shi ƙwayoyin gado, ilimin 'yan jari-hujja ne kawai, shi zai iya hora tsiro ya sauya hali, 'ya'yansa su gada. Maganarsa ta yi wa shugaban ƙasar, Stalin, daɗi, don tana alkawarin amfanin gona mai yawa cikin gaggawa. Aka kama Vavilov a 1940. Ya mutu a kurkukun Saratov a Janairun 1943, kuma yunwa ce ta ci ƙarfinsa, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tara hatsi. A Agustan 1948 aka yi taro a Mosko aka haramta koyar da ilimin gado, aka kori malamai, aka sauya littattafai. Wato a daidai shekarun da ake ɗaukar hoton nan a Landan, malamin makaranta irina a Rasha ba shi da ikon zana wa ɗalibansa abin da na zana a kwali. Sai bayan saukar shugaba Kurushof a 1964 Lisenko ya faɗi. Alkama dai ba ta taɓa bin umarnin jam'iyya ba, manoma ne suka biya kuɗin.

Ban ce Najeriya Sobiyet ce ba, Allah ya kiyaye. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa. Amma mun ga yadda aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, har kotun ECOWAS ta ce hakan ya saɓa doka. Mun ga yadda sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da matasa masu rubutu, har sai da aka yi masa gyara a 2024. Sai dai ni abin da ya fi ba ni tsoro ba ɗan sanda ba ne. Mu ne. Ba hukuma ce ta sa na goge rubutuna ba, kawu ne mai ƙaunata da taron mutanen da ban taɓa gani ba. Mun kai matsayin da duk tambaya sai an duba wace jam'iyya za ta amfana kafin a duba ko gaskiya ce. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, amma yau ko "igiyarka ta kwance" ka ce wa mutum, sai a tambayi wa ya aiko ka.

Tunda an jefe ni da maganar GMO, bari in taɓa ta. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken noma ta Samaru, wanda aka saka wa wani guntun rubutu daga ƙwayar bakteriya don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso. A 2024 masarar TELA ta biyo baya. Ni a fahimtata amfanin waken a fili yake, don na ga yawan feshin da manoman wajen Rimi da Charanchi ke yi, ba safar hannu, ba takunkumi. Amma manomin da ya tambaya ko zai iya ajiye irinsa zuwa baɗi, ko wa ke riƙe da haƙƙin irin, ba jahili ba ne. Tambayarsa tana kan hanya. Uwar da ke ɗari-ɗari da duk abin da aka kawo daga waje ma tana da dalili. Ba a manta da gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Rashin amsa irin waɗannan tambayoyi a fili, da Hausa, cikin mutunci, yana cikin abin da ya kai mu ga ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mai digiri da ke ce wa mutane "ku yi shiru, ba ku san kimiyya ba" da ɗan soshiyal midiya da ke kiran duk masani ɗan kwangila, aiki ɗaya suke yi, rufe baki.

Kada a ce ina kare kowace irin magana. Wanda ya ɗauki sakamakon gwajin yarinya ya watsa a guruf don aurenta ya lalace, zalunci ya yi. Wanda ya ƙirƙiri ƙarya cewa ga ganyen da ke mayar da SS (mai ciwon sikila) ya koma AA (wanda bai gaji komai ba) yana karɓar kuɗin iyaye, ɓarawo ne, a kai shi kotu. Waɗannan daban, tambaya daban.

Maganar ƙaddara kuwa, da ita na tashi, da ita zan koma ga Ubangijina. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, ana iya jera uku duk masu ciwon. Sanin haka kafin a kai kuɗin gaisuwa ba ja da Allah ba ne, ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali. Kano ma ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Kuma a daina haɗa shi da rukunin jini: O ko B wani abu ne, AA ko AS wani abu ne dabam, na sha ganin wanda ya riƙe katin ɗaya yana zaton ya gama. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara rubutun gadon a cikin ƙwayoyin ɓargon majiyyaci. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Babu ɗan Ƙofar Guga ko Sabuwar Unguwa da zai gan shi nan kusa. Abin da ke hannunmu shi ne gwaji mai araha da bakin da zai faɗa wa mutane, shi ne kuma aka ce in rufe.

Jiya bayan an tashi, yarinyar nan ta tsaya a bakin ofis har kowa ya watse. Ta ce, "Malam, don Allah ka ara mini zaren nan zuwa Litinin." Na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce an sa ranar yayarta bayan sallah, kuma ita ba za ta iya yi wa Baba maganar gwaji da baki ba, amma in ya riƙe zaren a hannunsa ya ga farin dutsen, wataƙila shi zai fara tambaya. Na naɗe mata duka biyun a takarda, na rubuta lambar wayata a bayanta, na ce in Baba yana son ƙarin bayani zan zo har zaure bayan la'asar.