Sisin Kwabon Brimscombe da Kuɗin Kirifto: A Ina Ake Biya?

Tun da kuɗin kirifto ya shigo, masu fasahar zane a Turai suka mayar da shi abin aikinsu, kuma wanda ya fi jan hankalin jama'a shi ne Damien Hirst na Ingila. A 2021 ya fitar da zane-zane 10,000 na ɗige-ɗigen launi a kan takarda, kowanne da takwaransa na intanet da ake kira NFT, ya sayar da kowanne dala 2,000, sannan ya ba masu saye shekara guda su zaɓi ɗaya: ko takardar, ko shaidar da ke cikin kwamfuta. Aka zaɓi takarda 5,149, sauran takardu 4,851 kuwa, waɗanda aka zaɓi NFT ɗinsu, ya fara cinna musu wuta a Landan a watan Oktoban 2022. An yi ta yabon aikin da cewa ya tono asirin kuɗi, wato yarda ce kawai ke riƙe da shi. Ni dai ban gamsu ba, domin yarda ba ta tsayawa a iska, sai an jingina ta da wani, kuma ƙasar da Hirst ya fito tana da wani tsohon kwabo da ya fi wutarsa bayyana wannan magana.

A ƙarshen ƙarni na 18 Ingila ta shiga ƙarancin canji. Gidan buga kuɗi na sarki ya daina buga kwabban jan ƙarfe tun 1775, alhali masana'antu suna ta ƙaruwa, kuma leburan da ake biya duk mako ba a sallamarsa da zinariya. Sai masu kamfanoni suka shiga buga nasu. Kamfanin haƙar jan ƙarfe na Parys da ke tsibirin Anglesey ya fara a 1787, John Wilkinson mai narkar da ƙarfe ya bi sahu har da ɗora hoton kansa a wurin da aka saba ganin na sarki. Wannan lokaci ne kuma ake haƙa hanyoyin ruwa na dakon kaya a faɗin ƙasar, bayan da mashigin Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761, ya karya farashin kwal a Manchester da kusan rabi. Masu haƙa suna buƙatar canji, don haka kamfanonin mashigai su ma suka buga nasu.

Wanda ya fi burge ni shi ne sisin kwabon da kamfanin mashigin da ya haɗa kogin Thames da na Severn ya buga a 1795. A fuska ɗaya akwai jirgin dakon kaya mai filafili, a ɗaya fuskar akwai bakin ramin Sapperton, inda ruwa ke ratsa ƙarƙashin tudu na tsawon kusan kilomita 3.5. Zanen yana da kyau, amma ba shi ne abin lura ba. A gefen kwabon, inda yatsa ke shafawa, an rubuta cewa ana biyansa a tashar jiragen Brimscombe. Na kamfanin Parys ma ya ɗauki alkawarin biyan duk wanda ya kawo shi a Landan ko Liverpool ko Anglesey. Ke nan mai riƙe da kwabon ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya san wanda zai riƙe wa wuyan riga idan an ƙi karɓa.

Masu kwatanta kirifto da waɗannan kwabbai suna da gaskiya ta wani ɓangare. Duka biyun sun fito ne inda hukuma ta gaza, shi ya sa Bitcoin, kuɗin kirifto na farko, ya bayyana a 2009 da ɗumin durƙushewar bankuna, kuma duk wanda ya kwana a layin banki a Najeriya farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya san yadda mutane ke ƙirƙiro hanyar ciniki idan tsabar kuɗi ta ɓace. Duka biyun kuma sun zo da zazzaɓin hannun jari. A 1793 kaɗai majalisar dokokin Birtaniya ta amince da haƙa mashigai kusan 20, mutane suka yi ta rububin sayen hannun jarin ramukan da ba a ko sa musu diga ba, wasu suka yi arziki, wasu da yawa suka tashi a tutar babu. Har jabu ma an samu, domin da kwabban kamfani suka karɓu, 'yan damfara suka cika kasuwa da marasa nauyi masu ɗauke da adireshin da babu kowa a cikinsa.

Amma a nan ne kwatancen ke yankewa, kuma a nan nake ganin mai zane na gaske ya kamata ya tsaya ya daɗe. Abin alfaharin Bitcoin shi ne ba shi da Brimscombe, babu ofis, babu mai alkawari, ba a ma san ko wane ne Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro shi, ba. Magoya bayansa suna kiran wannan 'yanci, kuma ban raina hujjarsu ba, tunda kwabon kamfani ma yana da nasa zaluncin: an sha biyan ma'aikata da abin da ba ya karɓuwa sai a kantin maigida, har sai da aka yi dokar hana hakan a 1831. Sai dai wanda ya cuce ka kana ganin fuskarsa daban yake da wanda ba ka san inda za ka kai ƙararsa ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi daga tsibiran Maldives aka fi kawo shi, ba sarkin da ya buga shi, ba mai fansarsa. Da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, darajarsa ta zube, har ɗaukar kuɗin ya zama wahala a kan abin da zai saya. Idan ana neman kakan kirifto, wuri ya fi kusa da shi a kan kwabon mashigi, sai dai Bitcoin ya ƙayyade adadinsa a miliyan 21, ko da yake sababbin kuɗaɗen kirifto da ake ƙirƙirowa kullum su ne wurin Zanzibar na wannan zamani. Kwabo kuwa, sunan jan ƙarfe ne a Turanci da bakinmu ya lanƙwasa.

Da ni ne mai shirya baje kolin, da ba zan ƙona komai ba. Zan ajiye sisin kwabon 1795 a tsaye ta yadda za a karanta gefensa, kusa da shi in sa takardar fam ɗin garin Stroud, wadda mutanen yankin suka ƙirƙiro a 2009 don ciniki a tsakaninsu, tafiyar 'yan mintuna daga Brimscombe, sannan in sa allo mai nuna adireshin asusun kirifto, jerin haruffa da lambobi kawai. Kwabban kamfani sun fara ja da baya bayan gwamnati ta ba Matthew Boulton kwangilar buga mata kwabo da injin tururi a 1797, jirgin ƙasa kuma ya kashe kasuwar mashigin Thames da Severn, aka yi watsi da shi gaba ɗaya a 1933. Duk da haka ramin Sapperton yana nan a ƙarƙashin tudunsa, kuma 'yan sa-kai a yankin suna ta aikin sake buɗe hanyar ruwan.