Asibiti a cikin gari, ɗan ci-rani a bayan daji

Wallahi na gaji da jin ana cewa 'yan ci-rani ba sa son zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da su. To, ina asibitin yake? Manyan gonaki, ramukan haƙar ma'adinai, wuraren gine-gine, akasari can nesa da gari suke, kuma a can ake jibge ma'aikatan. Asibitin kuwa yana buɗewa suna bakin aiki, kafin su tashi an daina ba da kati.

Wanda ake biya kullum-kullum, ranar da ya tafi ganin likita kuɗin yinin ya bi ruwa, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga layi. Wani ma sai ya roƙi izinin ɗan kwangila, wanda shi kaɗai ke da mota a wurin. In ya ce a'a fa? Sai mutum ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi ya koma ɗaukar bulo, don a gida ana jiran aike. Kuma a dawo a ce sakacinsa ne!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ciwon da ke buƙatar komawa. Maganin tarin fuka yawanci wata 6 ake sha ba fashi, kuma yanke shi a tsakiya na iya sa cutar ta daina jin magani. Mutanen da ke kwana cunkushe a ɗaki ɗaya, tarin ɗaya na kowa ne. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mace mai zuwa awo, duk haka. Saran maciji ko faɗowa daga bene kuwa ba sa jiran mota ta zo.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 169 ne ke aiki a ƙasashen da ba nasu ba, ban da masu ci-rani a cikin gida. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani ta ce suna da haƙƙin kulawar gaggawa ko da ba su da takardun zama. Madalla da takarda, amma yawancin ƙasashe masu arziki da ke cin guminsu ba su sa mata hannu ba.

Kamfanin da ya iya kai ɗaruruwan mutane da manyan injuna tsakiyar daji, ya iya ajiye ma'aikacin jinya ɗaya da motar ɗaukar marasa lafiya. Hukuma ta tilasta shi, kuma a daina yanke wa mutum kuɗin yini don ya je ganin likita.