Alhaji Zai Sayi Ƙugiya

(Siton Alhaji Mai Rodi, hanyar Kalambaina. Dillali yana nuna hoton ƙugiya, injin ɗaga kaya masu nauyi, a waya, Injiniya yana riƙe da tef, Maigadi yana gyangyaɗi a bakin ƙofa.)

Dillali: Allah shi ja da ran Alhaji, ga ta nan, sabuwa dal, mai aiki da lantarki. Tan 20 taka ɗagawa.

Alhaji: Ta hi ta maƙwabcina girma?

Dillali: Nesa ba kusa ba.

Alhaji: Ita nika so.

Injiniya: Alhaji, mi ya hi nauyi cikin abin da kaka ɗauka nan?

Alhaji: Bashin da nika bin mutane.

Injiniya: Rodi nika nuhi.

Alhaji: Ɗauri guda bai wuce tan 3.

Injiniya: To mai tan 5 ta ishe ka. Tan guda buhun siminti 20 na, tan 20 ko buhu 400. Kuma ƙugiya bisa dogo taka tahiya, dogon ko bisa ginshiƙai yaka zama. Wa ya zuba waɗanga?

Alhaji: Ƙanen uwargida. Har ragowar siminti ya maido min.

Injiniya: Innalillahi! Sai an kahwa na ƙarhe. Wuta hwa? Layi uku taka so, bolt 415.

Alhaji: Akwai janareta. Fanka biyu da firij yaka ja, ko tari bai yi.

Injiniya: Ranka shi daɗe, lokacin tashi injinta kan ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da yaka sha in ya kama aiki. Wanga janareta ko atishawa ba ya samun yi. Ga zahin Afrilu da ka wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. Sai inji ruhwahhe, wanda ƙura ba ta shiga, anka yi shi don yini yana aiki.

Alhaji: Mu da munka yini cikin zahin, ruhe mu anka yi?

Dillali: Gaya mai dai, Alhaji! Boko ta yi mai yawa.

Injiniya: Kai, taka tana da birki? In anka ɗauke wuta kaya na sama, mi ka hwaruwa?

Dillali: Saukowa sukai da kansu. Ba ta ɓata ma mutum lokaci.

Injiniya: Bisa kan wa? Ta ƙwarai, wuta na yankewa birki ka damƙe kansa, kaya su tsaya cik inda suke.

Alhaji: Tsaya. Rodina na rataye sama har wuta ta dawo?

Injiniya: Ƙwarai.

Alhaji: Ko kwana zai yi?

Injiniya: Riƙewa kam tana riƙewa, amma ba a barin kaya rataye, kuma ba a...

Alhaji: Ɓarawo na iya kaiwa can?

Injiniya: A'a, amma Alhaji...

Alhaji: A sawo mai birkin! Kai Maigadi, tashi. Ƙarshen wata ka zo mu yi lissahi.

Maigadi: Na ƙarin albashi, Alhaji?