Ba ku faɗi inda Udoka ya koyi aikin ba

Labarin naku kan kocin ƙwallon kwando Ime Udoka ya yi kyau, amma kun fara shi ne daga Boston, kamar a can aka haife shi yana koci. Mutumin nan ba wata ƙungiyar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ta zaɓe shi a 2000. Sai da ya yi ta yawo a ƙananan gasa da Turai kafin ya samu gurbi a Portland, daga baya San Antonio. Da ya ajiye ƙwallo kuma, ya zauna a ƙarƙashin Gregg Popovich, kocin San Antonio na lokacin, daga 2012 zuwa 2019 a matsayin mataimaki, da shi aka ci kofin 2014. Shi ya sa shekararsa ta farko a matsayin kocin Boston Celtics ya kai su wasan ƙarshe a 2022, duk da Golden State ta doke su. Dakatarwar da Celtics ta yi masa bayan nan, shi ya jawo wa kansa, ba na kare shi. Houston da ya karɓa tana da nasara 22 a kakar wasa, ya kai ta 41, sannan 52.

Kun kuma manta ya sa rigar D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, har gasar duniya ta 2006 a Japan.

Mu nan Jos, tsohon ɗan wasa yana daina bugawa sai a miƙa masa usur a ce ya koyar da yara. Akwai wani a unguwarmu, da kuɗin aljihunsa yake sayen raga da ƙwallo, filin siminti duk ya tsattsage, in damina ta kankama atisaye ya tsaya. Wa zai ɗauke shi mataimaki a ƙungiya irin Plateau Peaks ta nan Jos ya ga yadda ake tsara wasa?