Idan za a sa tsohon littafi a talabijin, me ya halatta a taɓa?

A ƙauyukan ƙasar Ringim da Gumel, yanzu kallon fim mai dogon zango ya zama ruwan dare. Yaro zai kai wayarsa wurin mai caji, a tura masa kashi biyar ko goma, da daddare gida duka a taru a kansa. Dattawan da suka yi firamare kuwa kullum tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a ɗauko littattafan da suka karanta a mayar da su irin wannan wasa? Sai dai na san halinsu. Ranar da aka yi, su ne za su fara cewa, "Ai ba haka yake a littafin ba."

A ganina mai shirya fim yana da damar ya rage, ya sauya jerin labari, har ya haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Wanda ya ce haramun ne, ya tuna yadda Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Labarai da yawa daga Alfu Laila ya ɗebo su, da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya sa musu riga da rawani har ba mai ganin baƙuntarsu. Mutumin da ya yi haka da kayan wasu ba zai ƙi a gyara nasa don ya zauna a allon talabijin ba. Kuma dole ce ma. A littafi na ɗaya aku ne ke ta zuba wa Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita. Wa zai zauna rabin awa yana kallon tsuntsu na magana? Tilas a nuna abin da akun ke faɗa, kamar yadda NTA Kaduna ta yi a shekarun 1980, lokacin su marigayi Kasimu Yero.

Inda ba na yarda a taɓa shi ne harshe da zamanin labarin. Daɗin rubutun Imam yana cikin habaici da karin magana da iya ba'a. Idan aka bar ɗan wasa ya yi Hausar titin Zoo Road na Kano a bakin Waziri, an kashe littafin ko da ba a tsallake shafi ɗaya ba. Haka kayan aiki. Mutumin birni na iya kallon fadar sarkin da, ya ga rufin kwano a baya ko bokitin roba a tsakar gida, bai damu ba. Tsohuwa a Babura ba za ta yafe ba, don ta ci tuwo a akushi, ta ɗaura saƙi, kuma har gobe akwai rumbu da darni a gidanta. Abin haushi, masu fim kan zo ƙauye ɗaukar hoto, su ari bukka da jaki, su tafi ba su tambayi kowa yadda ake ɗaure sirdi ba.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, cikin littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, labarin bauta ne: hari, satar yaro, ratsa hamada, da uwa da ta ƙare rayuwarta wajen neman ɗanta. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Mai son sake shi yau zai ji kwaɗayin sassauta wannan ɗaci, ya cusa soyayya da waƙa don kasuwa. Yin haka ƙarya ce a kan tarihi, kuma marubucin ya rasu tun 1966, ba ya nan balle ya kare kansa.

Za a ce matasa ba sa kallon abin da ba rawa. Ban yarda ba. Yaran da ke bin fim kashi ɗari a waya labari ne ke riƙe su.

Saboda haka duk mai wannan niyya ya fara neman izinin iyalan marubuci da kamfanin da ya buga littafin. Sannan kafin ya kunna kyamara, ya ɗauki rubutun wasan ya zo majalisar dattawa a Garki ko Ɗanbatta, a karanta musu da ƙarfi bayan la'asar, ya gyara duk inda suka ce ba haka ake faɗa ba. Kuma ya biya su ladan aikinsu, kamar yadda zai biya mai kwalliya da mai riƙe fitila.