Lodin da ake yi a Yaba, ɗan kasuwar Mile 12 ne ke biyan kuɗinsa

Wata Asabar na raka ɗan yayata kasuwar Mile 12 da ke Legas. Yaron ya shafe watanni yana rubuta wata manhaja, irin wadda ba sai an sauke ta daga Play Store ba, a burauza, irin su Chrome, kawai ake buɗe ta, domin 'yan albasa da tattasai su riƙa rubuta bashi da farashin buhu. A kwamfutarsa, can Yaba inda yake hayar kujera da intanet, kafin ƙiftawar ido ta buɗe. Muka sami wani dattijo mutumin Aliero a rumfarsa, ya miƙo wayarsa ƙirar itel, aka shigar masa da adireshin. Allon ya tsaya fari fat. Dattijon ya sallami mai saye, ya ƙirga canji, ya dawo, bai ga komai ba. Ya ce, "Yaro, in dai sai na yi wannan jiran kafin in rubuta bashi, ai littafina ya fi mini." Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, wallahi a wurina tana aiki."

Gaskiya ya faɗa. Ni ma wannan sana'ar ta rubuta manhaja nake ci, na kuma duba abin da ya rubuta, babu aibu a ciki. Matsalar tana wurin ɗaure kayan.

Mai rubuta manhaja yakan tara ƙananan fayiloli masu yawa, ya kuma aro wasu daga rumbun npm inda masu sana'ar daga ko'ina a duniya ke ajiye abin da suka rubuta. Kafin a miƙa wa jama'a, sai an bi ta wani mataki da ake tattara fayilolin nan, a juya su zuwa JavaScript, wato harshen manhaja da burauza ke ganewa, a matse su, a ɗaure su ƙunshi-ƙunshi. Masu wannan aiki su ne irin webpack, wanda Tobias Koppers ya fara a 2012, da Vite, wanda Evan You ya fitar a 2020. Duk umarnin yadda za a yi ɗaurin yana cikin ɗan fayil guda, wanda sau tari bai cika shafi ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana lodin tirela daga Arewa ya san ba jibga kaya kawai ake yi ba. Ana duba nauyi, ana duba abin da za a fara saukewa, ana barin abin da ba a buƙata a wannan tafiyar. Ni a ganina, a wannan ɗan fayil ne ake yanke hukuncin nawa mai amfani zai kashe na data, da ko zai ga shafin ma baki ɗaya. Amma shi ne fayil ɗin da yawancinmu muke kwafowa daga wani wuri mu liƙa, ba mu ƙara waiwayarsa ba.

A nan Legas abin ya fi ciwo, saboda mai rubutawa da mai amfani ba a duniya ɗaya suke ba, ko da kuwa tafiyar danfo ɗaya ce ta raba su. Igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar garin nan suke sauka: MainOne tun 2010, Equiano ta Google a 2022. A shekarar 2022 ɗin kuma MTN ta fara 5G. Wanda ke zaune a ofis mai saurin intanet yana iya ɗauka kowa haka yake. Amma mai shayi a Agege da mai gyaran takalmi a Idi-Araba da ɗan dako a Mile 12 ƙaramin ƙunshin data suke saye, na yini ko na mako, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100. Ko a ce ma data ta yi arha, akwai abin da ba ya canzawa. Hoto idan ya sauka, nuna shi kawai waya za ta yi. JavaScript kuwa sai wayar ta karanta shi, ta fassara, ta aiwatar, kuma wannan aikin ƙwaƙwalwar wayar ne. Ƙaramar Tecno ko itel mai ƙaramin ƙarfi za ta daɗe tana nishi a kan abin da kwamfutar mai rubutu ta haɗiye nan take. Saurin sabis ba ya ƙara wa waya ƙarfi.

Da muka koma gida muka buɗe fayil ɗin umarnin ɗaurin, abin da na fara gani shi ne ya fi damuna. Vite da kansa yakan yi gargaɗi idan ƙunshi ɗaya ya haura kilobayit 500. Webpack ma yana yin nasa tun daga wajen kilobayit 250. Yaron ya ga gargaɗin, ya bincika yadda ake kawar da shi, aka nuna masa layi ɗaya da ke ɗaga iyakar, ya ɗaga, gargaɗin ya ɓace. Ban ga laifinsa sosai ba, domin na ga manya da suka daɗe a sana'ar suna yin haka. Sikeli ya ce kaya sun yi nauyi, sai aka gyara sikelin.

Me ke cikin ƙunshin? Komai da komai. Shafin zane-zanen riba da asara, wanda ɗan kasuwa zai buɗe watakila sau ɗaya a wata, yana ciki tare da katafaren kayan zanensa. Abin buga rasit yana ciki. Dattijon da ke son rubuta "buhu biyu, bashi" sai ya sauke duk wannan kafin ya ga akwatin rubutu. Alhali an daɗe da samun hanyar raba ƙunshi: a ɗauko shafin farko shi kaɗai, sauran su jira sai an taɓa su. Sannan ga moment.js, tsohon abin sarrafa kwanan wata da masu shi da kansu suka sanar tun 2020 cewa sun daina ƙara masa sababbin abubuwa, suka ba da shawarar a nemi wani a sabon aiki. An ɗauko shi ne don nuna kwanan wata kawai, aikin da burauza ke iya yi da kanta. Akwai kuma dabarar da Rollup, wani abin ɗaurin irin su webpack, ya yaɗa, wadda ke kakkaɓe duk abin da aka aro amma ba a yi amfani da shi ba, kamar yadda ake girgiza bishiya busassun ganye su zube. Sai dai sau da yawa dabarar ba ta ci idan mutum ya ce a kawo masa rumbun gaba ɗaya maimakon ya ambaci abin da yake so da suna. A saba ɗin ma, wato kwamfutar da ke miƙa wa wayoyi manhajar, ba a kunna Brotli ko gzip masu ƙara matse fayiloli kafin a tura su ba.

Akwai wani ɓangare da ba na jin ana maganarsa, kuma mu Hausawa ya fi shafa. Domin rage nauyi, ana yanke fayil ɗin salon haruffa a bar na Turanci kaɗai. Dabara ce mai kyau ga mai rubuta Turanci. Amma ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin wannan yanki, haka ma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Alamar naira ₦ ita ma ba ta ciki, duk da cewa ta dala da ta fam da ta yuro suna nan. Sakamakon shi ne abin da kowa ya saba gani: kalmar "ƙunshi" ta fito da harafin farko daban da sauran, kamar an aro shi daga wani littafi, ko a wata tsohuwar wayar ya zama ɗan akwati. Daga nan sai mai manhaja ya gaji ya cire ƙugiyoyin duka, a koma "kasa" ba a san ƙasa ce ko kasawa ba, sai mai karatu ya laluba. Mutane na ɗora laifin a kan allon rubutu na waya, alhali sau da yawa a wurin ɗaurin kaya aka zubar da haruffan. Gyaran bai wuce a zaɓi salon da ke da su ba, a kuma lissafa su cikin waɗanda za a bari. Haruffa kaɗan ne, ba su da wani nauyi.

Na san abin da abokan aiki za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Mai ba da aiki yana so gobe-gobe, kuɗin da ya biya bai kai ya kawo ba, kuma kayan aikin yau sun waye. Na yarda da wannan na ƙarshen. Vite yana matse fayiloli da kansa, yana kuma liƙa wa sunan kowane fayil tambarin abin da ke cikinsa, ta yadda burauza za ta ajiye shi ta daina sake saukewa sai ya canza. Create React App, tsohon kayan haɗa manhaja da aka gina a kan webpack, wanda da yawanmu da shi muka koya, masu React sun yi masa ritaya a Fabrairun 2025. Ba na cewa kowa ya koma rubuta dogon tsarin webpack da hannu. Amma kayan aikin bai san wa kake yi wa aiki ba. In ba ka ce komai ba, zai ɗauka mai amfani yana da burauza ta kwanan nan. Wayar da aka saya ta hannu, ba a taɓa sabunta Chrome ɗinta ba don tsoron cin data, za ta gamu da rubutun da ba ta sani ba ta tsaya cak. In kuma ka ce a fassara don tsofaffin wayoyi, an ƙara kaya ke nan. Wanne za ka zaɓa? Ba a samun amsar a Yaba, sai ka je ka ga wayoyin da ke hannun mutanenka. Haka kuma tambarin nan ba shi da amfani in ba a gaya wa saba ta bar burauza ta riƙe fayilolin na dogon lokaci ba, ko in an cakuɗa kayan aro da naka a ƙunshi guda, ta yadda gyaran kalma ɗaya zai sa kowa ya sake sauke komai.

Sai batun amana. Duk abin da ya shiga ƙunshi ya zama na kasuwa, kowa na iya buɗewa ya karanta. A Vite, duk bayanin da aka sa wa suna mai farawa da VITE_ kai tsaye yake shiga ciki. Kamfanonin karɓar kuɗi kamar Paystack makulli biyu suke bayarwa, na fili da na sirri, kuma na sirrin wurinsa saba ne kawai. Na taɓa karɓar gyaran wani aiki na tarar da na sirrin a zube cikin ƙunshi, mai kasuwancin bai ma sani ba. Kayan aro kuma sai da sa ido. A 2016 wani ya janye ɗan kayan aro mai suna left-pad daga npm, layi 11 kacal, ayyuka birjik suka kasa haɗuwa a faɗin duniya. A Satumban 2025 aka kutsa asusun mai kula da wasu kayan aro biyu, chalk da debug, aka cusa musu mugun rubutu. Fayil ɗin package-lock.json da umarnin npm ci suna tabbatar da cewa abin da ka gwada jiya shi ne aka ɗaure yau, amma har yanzu ina ganin masu goge fayil ɗin idan abu ya ƙi tafiya.

Su ma masu ba da aiki suna da hannu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da makarantun Islamiyya da masu shaguna da ke biyan kuɗi a yi musu manhaja, a babbar wayar mai aikin ake nuna musu, su ce madalla su biya. Kafin ka cika kuɗi, Alhaji, karɓi wayar yaron shagonka, a kashe wayifai, a buɗe da datarsa a cikin rumfa. Masu koyarwa kuma, har da na shirin koyar da fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ina roƙon su ware ko mako ɗaya ne ɗalibi ya buɗe ƙunshinsa ya ga me ke ciki da nauyin kowane abu.

Ɗan yayata ya maido da iyakar gargaɗin nauyi inda take, ya ma sa haɗin ya ƙi kammaluwa idan aka haura ta. Ya je Computer Village a Ikeja ya sayi tsohuwar itel ya ajiye kusa da kwamfutarsa, ba ya sakin gyara sai ya gwada a kanta. Da muka koma Mile 12, shafin ya buɗe kafin dattijon ya gama gyara zaman hularsa. Ya rubuta sunan mai bashi, ya ga ƙ ta fito daidai, ga ₦ a gaban kuɗin. Sai ya tambaya ko za ta yi aiki in sabis ya ɗauke, don a can cikin rumfa da rana tsaka yakan ɗauke. Yaron ya ce, "Tukuna dai, Baba, a ba ni mako biyu." A kan wannan yake aiki yanzu.