Jiran alama shi ne ke jawo makara

Wani labari da na karanta ya ce yawan tashi fitsari da dare da fitarsa da ƙyar su ne alamomin ciwon dajin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate), amma ya tsallake abu mafi muhimmanci: a farkonsa ciwon nan sau da yawa ba ya nuna komai. Akasarin dattawan da ke zaryar bayi cikin dare kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara ne na tsufa, ba daji ba, irin wanda aka yi wa Sarki Charles na Ingila aiki a kai a Janairun 2024. Shi kuwa dajin yana iya yin shiru har ya kai ƙashi, kamar yadda aka gano wa tsohon shugaban Amurka Joe Biden a Mayun 2025. A Birtaniya an ƙiyasta cewa baƙar fata ɗaya cikin 4 zai kamu, ninkin na sauran maza, shi ya sa ake so mu nemi gwajin jini na PSA tun daga shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi. Ko sakamakon gwajin ya hau ma ba hukunci ba ne, sai an ƙara bincike. Malam mai cewa sanyi ne a sha jiƙo, don Allah bar wannan magana, da ita aka yi ta lallaɓa kawuna har baya ya ƙi miƙewa. Tambayata: a ƙaramin asibitin ƙauye wa zai yi wa manomi gwajin nan, kuma nawa ne?